Ƙofar da Na Fasa a Gidan Kwalba

Ranar sunan ɗiyar ƴata Rabi a Tanda, ina duƙe ina kwasar tuwo, na ji wata tsohuwa a bayana tana yi wa ta kusa da ita raɗa irin wadda ake ji har zaure.

"Kakar jinjirar ga ai ita ce anka kulle jandarmari kan giya, zamanin soji."

Ban ɗago ba, don tuwo ba ya jiran gardama. Amma na ga fuskar Rabi, na kuma gane ba ranar ta fara jin maganar ba. Shekara da shekaru kuna haɗiye wannan zance, ku ƴaƴana, kuna jin nauyin tambayata, ni kuma ina ganin ba wanda ya isa in tsaya yi masa bayani. To yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya rage, waɗanda suka san gaskiyar sun kusa ƙarewa. Kullewa dai an kulle ni a jandarmari, wurin ƴan sandan soji, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ban sha ba, ban sayar ba, ban taɓa ɗaukar kwalba na miƙa wa kowa ba. Bango na fasa, da rana tsaka, da hannuna, kuma da za a mai da ni shekarar, da na sake fasa shi.

Kun san ubanku direban babbar mota ne, kun san a hanyar Paraku Allah ya karɓi abinsa. Abin da ba ku riƙe ba, don kuna ƙanana, shi ne yadda na ci da ku bayan na fita takaba. A can Paraku na shiga aikin gidan wasu anasara, wato Turawa, na fara da wanke-wanke. Matar gidan masifaffiya ce ta ƙin ƙarawa, amma ta iya tukunya, ni kuma Allah ya ba ni ido da harshe. A wurinta na koyi narka man shanu ba tare da ya ƙone ba, da dafa ƙashi har ya ba da romo mai kauri, da gasa kifi a bar shi da ɗanɗanonsa maimakon a kashe shi da barkono. Da suka koma ƙasarsu na kwaso ku muka dawo Gaya, gidan Inna, uwata mahaifiya, na kafa kaskon tuyar kifi a tashar manyan motoci. Ana ci ana yabawa, amma duk ran da na jefa giwan ruwa cikin tafasasshen mai sai in ji kamar na zalunce shi.

A lokacin akwai wani anasara, Mushe Rene, wanda ya zo aikin hanya ya ƙi komawa. Ya gina ɗan kamfani a bakin babbar hanyar da ta nufi gadar iyaka, yana yin giya da dawa, yana yin lemo da ƙanƙara. Mutanen gari ba su kiran sunan wurin, Gidan Kwalba suke cewa, suna faɗa suna tofar da yawu, ko da yake da azumi ƙanƙararsa kowa ke sha. Shi ne ya tsaya gaban kaskona wata rana, ya sayi kifi, ya ji ina yi wa wani direban Kwatano faransanci, ya tambaye ni inda na koya. Kafin ya cinye kifin ya gaya mini abin da ke ransa. Yana son buɗe wurin cin abinci a cikin kamfanin, ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Abincin Faransa na gaske, a faranti mai kyau, amma ba wanda za a ce sai ya sa kwat ko ya san riƙon cokali mai yatsu. Ɗan duwan, wato ɗan kwastan, da direba da baƙon da ya ƙetaro daga Malanbil duk su zauna, wanda ya so ya ci da hannu.

"Abinci na manya, zama na gida," in ji shi da gurguwar Hausarsa. "Ke ce uwar murhu."

Na gindaya masa sharuɗɗa. Naman alade ba zai shiga madafata ba, giya ba za ta shiga tukunyata ba, kwalba kuwa ko babu komai a ciki ban ɗauka. Ya ce ai wata miyar sai da ruwan inabi. Na ce ya ba ni zabuwa da tsamiya ya ga. Na dafa masa, ya ci, ya suɗe yatsa, ya ce ya yarda. Na koma gida ina jin kaina a sama. Na tuna da alade, na tuna da kwalba, na manta da abu ɗaya da kowane ɗan Gaya zai fara tunawa. Gidan Kwalba ƙofa ɗaya gare shi, ta nan motar giya ke fita, ta nan zan shiga.

Inna ta bari sai da na yi ƴan kwanaki ina zuwa. Ran nan na dawo da la'asar, na dafa shinkafa da miyar kifi, na ajiye mata kwanonta a gabanta kamar kullum. Ta sa bayan hannu ta tura shi gefe, a hankali, ba ta zubar da ko ɗigo ba.

"Hamsatu, mi nika ji? Ance an gane ki kina shiga ƙohwar giya."

"Inna, abinci za ni dahwawa. Ko kwalba ban taɓawa."

"Mutane ba su ganin tukunya, ɗiyata, ƙohwa suka gani. Ni dai muddin ta wagga ƙohwa kika shiga kina hitowa, ban ƙara cin abin hannunki."

"To in na bar aikin, mi za mu ci?"

"Abin da munka ci jiya."

Inna ba ta maimaita magana. Washegari ta jera duwatsu uku a ƙofar ɗakinta, ta kafa murhunta ita kaɗai. Ku tuna fa, lokacin yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa-inuwa yake gani. Ina daga nan ina dafa muku, tana daga can tana hura wuta, hayaƙi na sa ta tari, tana lalubar gishiri tana ɗebo toka. In kun kai mata ɗanɗano ta shafa kanku ta ce ta ƙoshi. Wata rana kunu, wata rana fura, wata rana ruwa kawai. Zanenta ya fara zagaye ta har ya wuce inda ya saba tsayawa. Na yi kuka a bayan ɗaki, na yi fushi, na yi roƙo, na turo mata ƙawayenta, ko gezau. Ba ta zage ni ba ko sau ɗaya, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Za ku ce me ya hana in bar aikin. Kowa haka ya ce, har ƙanena Hamidu magini, wanda bai taɓa gaya mini abin da zan yi ba. Zan gaya muku gaskiya, ba yunwarku kaɗai ba ce, don kaskon tasha yana ci da mu. So nake. Na ga teburan da kafinta ya ƙera an ƙetaro da su daga Malanbil, na zaɓi shuɗin yadin da za a shimfiɗa musu da kaina, na tsaya aka gina murhu daidai tsayin ƙuguna. Na je Tunuga na yi magana da masunta su riƙa ware mini giwan ruwa mai rai, na shirya da matan Fulani kan man shanu, na sami mai zabi a Tanda. An kafa allo a bakin hanya cewa za a buɗe nan ba da daɗewa ba, masu karatu suna karantawa suna gaya wa marasa karatu. Tunda aka haife ni ba a taɓa gina wani abu daidai ni ba sai wannan murhu. Na ƙi bari, na kuma ƙi yarda uwata ta mutu da yunwa a gidan da nake dafa abinci. Sai na zauna na auna maganarta. Ba ta ce tukunya ba, ba ta ce anasara ba, ƙofa ta ce.

Madafar tana jingine da bangon da ya kalli babbar hanya. In aka fasa shi aka ja ɗan shinge na zana, mai shiga cin abinci ba ruwansa da wajen giya, ko ganinsa ba zai yi ba. Da na gaya wa Mushe Rene har ya tafa hannu, don shi ma ya lura mahauta sun ƙi shigo da nama, a bakin ƙofa suke tsayawa su yi kira. Amma ya je buro, ofishin hukuma, neman izini ya dawo jiki a sanyaye. An ce wani babban baƙo zai zo daga Yamai ya duba iyaka, an sa samari sun shafe duk bangon da ke kan hanya da farar ƙasa tun daga shigowar gari har gada, kuma Kumandan, mai mulkin gari, ya ba da oda kada wanda ya taɓa ko da ƙusa har baƙon ya wuce. Ku da ba ku ga zamanin ba, ba za ku gane ba. Lokacin in aka ce oda, ko akuyarka ce ta goga jiki a bango sai ka amsa tambaya. Baƙon kuma an sa rana an ɗaga, an sake sawa an sake ɗagawa. Ruwa ya wanke farar ƙasar, aka sake shafawa.

Na ɗaura zanena mai kyau na tafi wurin Kumandan da kaina. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, ƴaƴansa kuma ba su yi mini komai ba. Na zauna a kan benci har rana ta take, sannan aka shigar da ni. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni daga farko har ƙarshe, yana sauraro yana kaɗa sandar hannunsa a kan takalmi.

"Duk wanda ya taɓa bangon hanya kafin baƙo ya wuce, ni ya taɓa," ya ce.

"Ranka shi daɗe, yaushe baƙon za shi zo?"

"Ran da ya zo."

"Uwata tsohuwa ce, ranka shi daɗe. Ba ta iya jiran ran da ya zo."

"To ki bar aikin mana. Mace da gardamar bango!"

Waɗanda ke tsaye a bayansa suka yi dariya, don lokacin in babba ya yi abin dariya dole ne a tayar masa. Na yi godiya na fito. A hanya na biya wurin Hamidu na ce ya zo da diga gobe. Ya dube ni kamar na ce ya shiga kogi da dutse a wuya.

"Yaya, ki ruhwa mini asiri. Ina da mata da ɗiya. Kin san mutanen ga ba su da wasa."

"To ara mini digar."

"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, Yaya."

"Na ji. Ara mini."

Bai ba ni ba, bai kuma hana ni ba. Ya juya baya yana gyaran wani abin da bai lalace ba, na ɗauka na tafi. Da na isa gida na tarar Inna ta ƙone yatsu biyu a garwashi, ta naɗe su da tsumma, tana ɓoye hannun a ƙarƙashin mayafi don kada in gani. Wannan tsumma shi ya yanke mini shawara.

Wasu sun ce a ɓoye na yi. Ƙarya ne. Da hantsi na yi, ranar kasuwa, hanya cike da jakuna da ƴan ƙetare da manyan motoci a jere suna jiran duwan. Kuma ta waje na tsaya, ba ta ciki ba, don kada a ce ma'aikatan anasara ne. Na ɗaure ɗankwalina a ƙugu, na zana tsawo da faɗi da gawayi a kan farin bangon, na ce bismillahi na kai sara. Simintin sama ne kawai mai tauri, ciki tubalin laka ne. Sara na farko ya girgiza ni har haƙora, na biyu ya shiga. Mutane suka fara taruwa. Wata ta ce na haukace, wani ya ce aljanun Paraku ne, wani direba da ke cin kifina ya ce in riƙe digar daga ƙasa, amma bai matso ba. Ba wanda ya matso. Mushe Rene ya fito da gudu fuskarsa ja wur, yana faɗin sunana yana ɗaga hannu sama. Na ce masa ya koma ciki, bai gani ba, bai sani ba. Tafin hannuna ya fashe, ƙura ta cika mini baki, ina sara ina jin wani daɗi da ban taɓa ji ba. Da haske ya ɓullo ta cikin ramin na hango murhuna da teburan a ƙarƙashin mangwaro, sai na ƙara ƙarfi. Jandarmomi sun iso na riga na shiga ta ƙofata na fito. Na miƙa musu digar da kaina, na ce ta ƙanena ce, sata na yi, a mai da masa.

Ba su doke ni ba, ba zan ɗora musu abin da ba su yi ba. Sun zaunar da ni a rana a tsakar jandarmari, sun sa ni shara, sun kulle ni da wasu mata biyu da aka kama da kayan fasa-ƙwauri. Ƙaramin cikinsu, wani ɗan Dogon Dutsi, yakan ajiye mini butar ruwa a inuwa ya yi kamar mantuwa ya yi. Bayan ƴan kwanaki Kumandan ya sa aka kawo ni gabansa. Wannan karon ban durƙusa ba, gwiwoyina ma sun ƙi lanƙwasuwa saboda shara.

"Abu mai sauƙi ne," ya ce. "Ki je ki toshe ramin da hannunki, gaban mutanen da suka ga kin fasa, ki shafa farar ƙasa. Sai ki koma aikinki."

"Ta wace ƙohwa, ranka shi daɗe?"

"Ta wadda kowa ke bi."

"To hannun da ya buɗe ba shi toshewa. Ga ni, a yi yadda anka ga dama."

Ya daɗe yana kallona. Ina jin bai saba ba, ni ma ban saba ba, amma na kafe idona a kan sandar hannunsa na ƙi sunkuyar da kai. Ya ce a fitar da ni. Ƴan kaso, wato fursunoni, aka kwaso suka toshe ƙofar, suka shafe ta fari fat. Aka kira Mushe Rene aka ce ya zaɓa, ko ni ko takardar izinin kamfaninsa. Ban ga laifinsa ba, mutum da yawa ke ci a ƙarƙashinsa. Ran da aka sake ni ya tare ni a hanya, ya cire hularsa, ya rasa Hausa ya rasa faransanci. Na ce masa ya kula da murhun, kada a bar man shanu a kan wuta mai ƙarfi. Ya kawo wani kuku daga Kwatano, aka buɗe wurin da kiɗa, manyan gari suka ci suka sha a kan shuɗin yadin da na zaɓa. Ban taɓa dafa ko ƙwai a kan murhun nan ba. Har yau in na tuna sai na ji zafin a ƙirjina, ba zan yi muku ƙaryar cewa ya wuce ba. Baƙon Yamai kuwa da ya tashi zuwa, motarsa ko rage gudu ba ta yi ba a gaban bangon.

Na shiga gida da la'asar, ƙura a kaina, hannuwana duk ƙuraje. Kun rugo kun rungume ni. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, murhunta ba wuta. Na gaishe ta daga tsaye, a daƙile, don cike nake da ita. Ta amsa kamar kasuwa na je na dawo.

"Hamsatu, wanga kihi naki da anasara ka ci, mi aka sa mishi?"

Na aika aka sayo giwan ruwa, na narka man shanu a kaskon tasha, na gasa shi a hankali, na matsa lemon tsami, na ajiye mata a gabanta. Ta wanke hannu, ta laluba, ta gutsura ta kai baki. Ina tsaye ina kallon maƙogwaronta yana motsi, hawaye na zubo mini, amma fushin bai sauka ba, don na san ba ni na ci nasara ba. An toshe ƙofata, an kore ni, ta sami abin da take so.

"Ci da kyau, Inna," na ce. "An kore ni. Hankalinki ya kwanta."

Ta ci gaba da taunawa, ba ta yi sauri ba. Sai da ta tsame ƙaya ta ajiye a gefen kwano sannan ta yi magana.

"Ran da anka kama ki, na sa Hamidu ya kama mini sanda, munka tahi. Sun aje wani yaro da bindiga shina tsaron ramin. Na ce kauce, ɗana, ƙohwar ɗiyata ce. Ya kauce. Na shiga, na shahwa murhun, na shahwa tukwanen, na hito."

Inna da ta yi shekaru ba ta wuce masallacin unguwa ba, ta ratsa kasuwa, gaban duk mutanen da take gudun bakinsu, ta shiga Gidan Kwalba da ƙafarta. Ta miƙo hannu ta lalubo nawa, ta ja ni har na durƙusa, ta ɗora yatsuna a goshinta. Akwai ƙululu a wurin, bai gama sacewa ba.

"Ƙohwar taki kin yi ta gajera," ta ce. "Ƙaro mini romon."